Kun Tambaya, Mun Amsa: Shuɗin Tangaram Na Ingila Mai Fararen Mutane

Assalamu alaikum Hajiya. A cikin kayan jeren kakata da aka raba mana bayan rasuwarta, na sami wani kwano shuɗi marar ƙyalli, an kewaye shi da fararen mata masu tudu-tudu sun riƙe hannun juna kamar suna rawa. Kakanmu ya yi aikin kuku a gidan wani Baturen reluwe, an ce shi ya ba shi lokacin da zai koma gida. A gindinsa an danna WEDGWOOD da MADE IN ENGLAND. Mene ne wannan? Yayana ya ce zai yi miliyoyi.
*Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya*

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta. Abin da ke hannunki sunansa jasfa, wani nau'in tangaram ne da wani maginin tukwane na Ingila mai suna Josiah Wedgwood ya ƙirƙiro wajen shekarar 1775, kuma har gobe kamfaninsa bai daina yin sa ba.

An haifi Wedgwood a 1730 a Burslem, cikin yankin Staffordshire, inda ginin tukwane gado ne a kusan kowane gida. Yana yaro ciwon agana ya kama shi ya lalata masa gwiwar dama, taka na'urar juya yumɓu da ƙafa ta gagare shi, daga baya ma a 1768 aka yanke ƙafar. Wannan lalura ce ta mayar da hankalinsa kan haɗin yumɓu da gwaje-gwajen wuta. Ya buɗe nasa kamfanin a 1759. Kafin ya kai ga jasfa ya yi gwaji dubbai, kowane ɗan guntun yumɓu da lambarsa, kowace lamba da bayaninta a littafi: me aka haɗa, a wane ɓangaren tanderu aka ajiye, yaya ya fito. Na ga tiren waɗannan guntaye da idona a gidan tarihin kamfanin da ke Barlaston, an jera su layi-layi, wasu sun kumbura, wasu sun tsage, wasu launin ya ƙone. Ni dai a duk gidan babu abin da ya tsayar da ni kamarsu, domin a nan ake ganin wahalar da ta haifi kyan.

Sirrin haɗin wani farin dutse ne mai nauyi, bariyom salfet, wanda ake samu a ramukan haƙar dalma na Derbyshire. Shi ke sa yumɓun ya gasu ya yi tauri ƙwarai, ya fito fari tas ba tare da an shafa masa ruwan ƙyalli ba, kuma ya karɓi launi har cikin jikinsa. Shuɗin daga sinadarin kobal yake. Akwai kore, akwai baƙi, akwai ruwan ɗorawa da wani mai kama da ruwan hoda, amma shuɗin nan mai haske shi ya zama tambarin gidan.

Fararen matan kuwa ba fenti ba ne, kuma ba sassaƙa su aka yi daga jikin kwanon ba. Ana danna ɗanyen farin yumɓu cikin ɗan mazubi, a ɗago siffar da bakin wani siririn ƙarfe tana da laushi, a jiƙa jikin kwanon da ruwa, a ɗora ta a danna da yatsa a hankali yadda ba za a murje fuska ko ninkin riga ba. Mace ɗaya bayan ɗaya, ganye ɗaya bayan ɗaya, duk da hannu. Sannan a shigar da shi wuta mai zafin da ya kai digiri 1,200. Ki shafa yatsanki a kan rigunan matan, za ki ji kowane ninki.

Zanen naki sananne ne, ana kiransa Sa'o'i Masu Rawa. Wani matashi mai sassaƙa, John Flaxman, ya tsara wa Wedgwood shi a ƙarshen shekarun 1770, ya ɗauko shi daga wani tsohon allon marmara na Rumawa wanda yanzu yake gidan tarihi na Louvre a Paris. A almarar Girkawa waɗannan mata 'ya'yan Zeus ne, babban abin bautarsu, su ke jujjuya lokutan shekara, su ke gadin ƙofar sama.

Sai maganar kuɗi, kuma ki faɗa wa yayanki ya yi haƙuri. Rubutun MADE IN ENGLAND bai fara fitowa a kayan Wedgwood ba sai farkon ƙarni na 20, wajen 1908 zuwa 1910. Kwanonki ke nan na zamanin kakanku ne, ba na zamanin Josiah ba, wanda ya rasu tun 1795. Irinsa an yi su da yawa, kuma a shagunan gwanjo na Ingila ƙananan farantai da akwatunan kwalliya na jasfa na wannan ƙarni fam kaɗan ake sayar da su. Kwano babba mai Sa'o'i Masu Rawa ya fi su daraja, musamman in babu tsaga ko ɓalli, amma ba zai sayi fili ko mota ba. Da ni ce ke, ba zan sayar ba. Ki rubuta sunan kakanku da labarin yadda kwanon ya shigo gidanku a takarda, ki ninke ki ajiye a cikinsa.

Hajiya, barka da aiki. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, me ya haɗa Turawan Ingila da tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa har suka cika tukwanensu da su? Ba su da nasu labaran ne?
*Daga wani ɗalibin jami'a, Kano*

Ɗana, suna da nasu, amma a ƙarni na 18 duk mai son a kira shi wayayye a Ingila sai ya nuna ya san Girka da Rum. Yaran masu hali Latin da Girkanci suke karantawa a makaranta, in sun gama a tura su yawon buɗe ido Italiya, su dawo da gumakan marmara da tsofaffin tuluna. Ana cikin haka aka fara tono garuruwa biyu da dutsen Vesuvius mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya: Herculaneum a 1738, Pompeii a 1748. Ɗakuna suka fito da zanen bangonsu, da fitilunsu, da kwanukansu. Turai gaba ɗaya ta ɗauki yayin, tun daga ginin gida har ƙafar kujera.

Jakadan Ingila a birnin Naples na Italiya, Sir William Hamilton, ya tara ɗaruruwan tsofaffin tuluna masu zane, aka buga hotunansu a manyan littattafai, sannan ya sayar da tarin ga gidan tarihi na Birtaniya a 1772. Waɗannan littattafai su Wedgwood da abokin kasuwancinsa Thomas Bentley suka buɗe a gabansu. Bentley ɗan kasuwar Liverpool ne mai ilimi da sanin abin da manya ke so, Wedgwood kuma ya san wuta da yumɓu. Sabuwar masana'antar da suka buɗe a watan Yuni na 1769 ma Etruria suka sa mata, sunan wani tsohon yanki na Italiya, domin a lokacin an ɗauka mutanen can ne suka gina tulunan. Daga baya aka gane yawancinsu aikin Girkawa ne. Ranar buɗewa Bentley ne ya juya na'ura, Wedgwood ya gina baƙaƙen tuluna shida da hannunsa.

Basirar kasuwancinsu ita ce, tsohon tulu na gaske sai mai sarauta ko hamshaƙi, amma sabo mai kama da shi likita da lauya da ɗan kasuwa za su iya saya su ɗora a kan murhun falo. Sai suka fara da manya domin na ƙasa su bi. Sarauniya Charlotte ta Ingila ta yi odar kayan shayi a 1765, Sarauniya Catherine ta Rasha ta yi odar kayan cin abinci sama da guda 900 waɗanda aka gama a 1774. Daga nan kowa ya so a ce yana da Wedgwood.

Wanda ya fara lura zai ga fuskoki kaɗan ne ke ta dawowa. Saurayi mai riƙe da molo Apollo ne, ubangijin waƙa da haske a wajensu. 'Yan mata tara, wata da sarewa, wata da takarda, wata da abin rufe fuska na wasan kwaikwayo, su ne Muses masu ba mawaƙa da marubuta ilhama. Jariri mai fukafukai da kwari da baka Cupid ne. Inda ka ga inabi da ganyensa, Bacchus, ubangijin giya a wajensu, na kusa. Doki mai fukafukai kuma Pegasus, shi ne a kan murfin wani tulu da Flaxman ya tsara mai nuna ana naɗa wa mawaƙi Homer kambi, wanda Wedgwood ya ba gidan tarihi na Birtaniya kyauta a 1786.

Amma in kana son ka ga inda wannan ƙauna ta kai maƙura, sai labarin Tulun Portland. Wannan ba yumɓu ba ne, gilashi ne na Rumawa da aka yi kimanin shekara 2,000 da suka wuce, tsawonsa wajen santimita 25 kacal. An hura shuɗin gilashi mai duhu, aka lulluɓe shi da fari, sannan aka zauna aka sassaƙe farin har mutane bakwai suka fito, ga bishiyoyi, ga wani abu mai kama da maciji a cinyar wata mata. Masana da yawa sun ce auren Peleus ne da Thetis, iyayen jarumi Achilles, wasu sun ce labarin gidan Sarki Augustus ne, kuma har yau gardamar ba ta mutu ba. Ya daɗe a hannun gidan Barberini a Rum, Hamilton ya kawo shi Ingila, matar Duke na Portland ta saya a 1784, ba ta yi shekara biyu da shi ba ta rasu. Ɗanta ya saye shi a gwanjon kayanta a 1786, ya ara wa Wedgwood domin ya yi kwafinsa da jasfa.

Kusan shekara huɗu dattijon nan mai ƙafar katako ya yi yana fama. Baƙin jikin ya yi ƙuraje a wuta, fararen siffofin su ɗago su rabu da jiki, wani ya tsage wajen hucewa. Babbar matsalar kuwa, a gilashi inda aka kankare farin ya yi siriri duhun ƙasa yana lekowa ta cikinsa, sai ya ba da inuwa kamar ta fatar mutum, yumɓu kuma ba ya barin haske ya ratsa shi haka. Sai da suka riƙa sirantar da farin suna ɗan rina gefensa. A 1789 aka sami na farko mai kyau, a 1790 aka nuna shi a Landan, shugaban masu zane na ƙasar Sir Joshua Reynolds ya shaida cewa kwafi ne na gaskiya. A watan Fabrairu na 1845 wani matashi da ya sha ya bugu ya jefi na asalin a gidan tarihi na Birtaniya, ya tarwatse kusan guda 200. Kwafin Wedgwood na cikin abin da aka duba wajen harhaɗa shi. Na asalin yana nan a Landan har yau, in ka matsa kusa za ka ga layin ɗorin.

Hajiya, Allah ya ƙara basira. Wani aboki ya kawo mini tsarabar ɗan faranti irin wannan daga Landan. Da na ji an ce siffofin allolin Girkawa ne sai hankalina bai kwanta ba. Shin gumaka ne?
*Daga wani magidanci, Maraɗi*

Amin Alhaji, na gode. Hukuncin ajiye siffar mai rai a gida, musamman mai tudu, magana ce ta malamai, kuma su ya kamata ka kai wa farantin su gani. Abin da zan iya ba ka shi ne tarihin abin, domin ka yi tambayar da cikakken bayani.

Girkawa da Rumawan dā sun bauta wa Zeus da Apollo da sauransu, wannan gaskiya ne. Amma wannan addini ya mutu fiye da shekara dubu kafin a haifi Wedgwood. Shi kansa Kirista ne, daga ɗariƙar da ba ta yarda da aƙidar Triniti ba, ma'aikatansa da masu sayen kayansa ma Kiristoci ne. Ba a taɓa yin jasfa domin bauta ba, kayan ado ne na falo da tebur, har da maɓallan riga da 'yan kunne. Ko tsiraicin da ke cikin wasu zanukan ya dami mutanen lokacin. Wedgwood ya rubuta wa Flaxman a 1790 yana gargaɗinsa cewa masu saye ba za su sa siffofi marasa sutura a ɗakunansu ba, shi ya sa za ka ga an yafa wa da yawansu mayafi.

In zuciyarka ba ta natsu ba bayan ka ji ta bakin malam, kada ka fasa shi, ka bayar ko ka sayar. Kuma akwai jasfa da babu mutum ko dabba a jikinsa sam, sai ganyen inabi, da furanni, da wani ado mai kama da dara na murabba'ai masu launi biyu ko uku da ake yankawa a na'ura. A wurina ma waɗannan masu murabba'ai suna cikin mafi kyawun abin da gidan ya taɓa yi.

Anti, nawa ya yi dauɗa, farin ya koma ruwan ƙasa. In sa masa bilic?
*Daga wata amarya, Kumasi*

A'a 'yata, kada ki kusance shi da bilic, ko toka, ko soson ƙarfe. Tunda ba shi da ruwan ƙyalli, maiƙon hannu da ƙura ne suke kwanciya a kansa. Shimfiɗa tawul a cikin roba, ki zuba ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, ki bi lungunan da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ki ɗauraye ki bar shi ya sha iska. Kada ki ɗaga buta ko tulu ta hannunsa ko ta murfi. In wani yanki ya ɓalle ki adana shi, kada ki liƙa da gam mai kamawa nan take, domin yana shiga jikin yumɓun ya bar tabon da ba ya fita.

Hajiya, ni dillalin kayan gwanjo ne, irin waɗannan shuɗɗan kaya suna faɗo mini a cikin dilar kwanuka. Yaya zan bambance na gaske da jabu, da tsoho da sabo?
*Daga wani ɗan kasuwa, Kaduna*

Malam, fara da kifa shi. Na gaske ana danna sunan ne cikin ɗanyen yumɓu kafin a gasa, ka ji ramin haruffan da farce. Ka ƙirga haruffan: WEDGWOOD, takwas ne, babu E bayan G. In ka ga WEDGEWOOD ba na gidan ba ne, tun ƙarni na 19 wasu suka riƙa ƙara wannan harafi domin su ci kasuwa da sunan. In kuma ka ga WEDGWOOD & CO, wani kamfani ne daban na garin Tunstall, kayansa ba jabu ba ne amma ba su ake nema ba.

Shekaru kuma ga yadda suke tafiya. WEDGWOOD & BENTLEY na tsakanin 1769 da 1780 ne, shekarar da Bentley ya rasu, kuma in ka sami wannan ka nemi masani kafin ka yi ciniki da kowa. Daga 1860 aka fara danna haruffa uku a jere, na ƙarshen shi ke nuna shekara, an fara da O a 1860. Kalmar ENGLAND ta shigo a 1891, saboda dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta a rubuta ƙasar da aka yi kaya. MADE IN ENGLAND ya biyo baya kamar yadda na faɗa wa 'yar Zariya. Daga wajen 1930 sukan danna lambobi biyu na ƙarshen shekara. Sai dai ka kiyaye, rashin ENGLAND shi kaɗai ba hujjar tsufa ba ce, ƙananan abubuwa wani lokaci babu wurin da za a sa shi.

Bayan tambari sai hannu da ido. Tsohon jasfa na ƙarni na 18 yana da laushi a taɓawa kamar cikin sabuwar ƙwarya da aka goge, na baya-bayan nan ya fi kaushi da bushewa. Dubi yatsun mutanen da gashin kansu: a tsoho, bayan an manna siffar, ma'aikaci yakan bi ta da ƙarfe ya fito da kowane yatsa ya ɗan rarake ƙarƙashin gefen, a na baya kuwa sau da yawa fuskar a dushe take saboda mazubin ya gaji. In farin da shuɗin a haɗe suke kamar an zuba su tare aka shafa fenti, ko abin ya yi sheƙi, ko ya yi sakayau a hannu kamar roba, ajiye shi gefe.

Wani abu da dillalai ke yawan asara a kansa: ba duk shuɗi marar sunan Wedgwood ne jabu ba. William Adams da John Turner, maƙwabtansa a Staffordshire, sun yi jasfa mai kyau ƙwarai a zamaninsa, da sunansu ADAMS ko TURNER a gindi, kuma masu tara kayan tarihi suna nemansu.

Hajiya, duk wannan labarin Turawa ne. Akwai inda ya taɓa mu 'yan Afirka?
*Daga wata malamar makaranta, Zinder*

Akwai, Malama, kuma a wuri mai nauyi. A 1787 aka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi a Landan, Wedgwood ya shiga cikinta. A wannan shekarar masana'antarsa ta fitar da wata 'yar lamba ta jasfa da ba ta fi kan babban yatsa ba da yawa: baƙin mutum a kan farin fili, ya durƙusa, sarƙa a hannu da ƙafa, an kewaye shi da rubutun da ke cewa, "Ashe ni ba mutum ba ne, ba ɗan'uwa ba ne?" Da kuɗinsa ya buga su da yawa ya rarraba kyauta, a 1788 ya aika wa fitaccen ɗan siyasa Benjamin Franklin wasu a Amurka. Mata suka riƙa sa ta a abin hannu da tsinken gashi, maza a murfin gwangwanin taba. Majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, shekara 12 bayan rasuwarsa.

Ina girmama wannan aiki, amma ba na kallon lambar ba tare da wani abu ya tsaya mini a rai ba. An nuna ɗan Afirka a gwiwa yana roƙo, alhali a 1791 bayin Haiti da kansu suka tashi suka karya sarƙar. Kuma kwanukan sukari da butocin shayin da masana'antar ke sayarwa, sukarin da ake zubawa a cikinsu gumin bayin yankin Karibiyan ne. Idan za ki koya wa ɗalibanki labarin, ki nuna musu hoton lambar, ki faɗa musu duka biyun. Ana iya ganin ta a tarin kayan Wedgwood da ke Barlaston, wanda jama'a suka yi karo-karo suka cece shi daga gwanjo a 2014, yanzu yana ƙarƙashin gidan tarihi na Victoria da Albert, kuma sun sa hotunan kayan da yawa a shafinsu na intanet.